Hanyoyin Kafa Hujja a Ilmin Manɗiƙi

Manɗiƙi ilmi ne da ke tantance ingantacciyar hujja daga gurguwa. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da saninsa, domin Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya yi rubutu a kansa, har ya yi jayayya da Imamu Suyuɗi wanda ke ganin haramcinsa. Wannan maƙala za ta duba reshen da ke nazarin dangantakar jimloli, wanda Kirisifus, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsara ƙa'idojinsa.

Ana cewa hujja ta inganta idan ba zai yiwu jimlolin da aka gina ta a kansu su zama gaskiya, sakamakonta kuma ya zama ƙarya ba. Jimlar sharaɗi tana da sassa 2, wato sharaɗi da jawabi.

Hanya ta farko ita ce tabbatar da sharaɗi. Misali: in an yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe, an yi ruwa, saboda haka ƙasa ta jiƙe.

Ta biyu ita ce kore jawabi: in an yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe, ƙasa ba ta jiƙe ba, saboda haka ba a yi ruwa ba.

Ta uku ita ce kore ɗayan biyu: akuya tana gida ko kuwa tana daji, ba ta gida, ashe tana daji.

Sai dai akwai wata hanya mai kama da ta farko wadda ke ruɗar mutane, wato tabbatar da jawabi. A ɗauka an ce wa alƙali: in Tanko ne ya saci akuya, za a ga sawunsa a bakin garke, an kuwa ga sawunsa, saboda haka shi ne ɓarawo. Wannan hujja gurguwa ce, don mai yiwuwa wucewa kawai Tanko ya yi. Jimlar farko ba ta ce sata kaɗai ke kawo sawu ba. Alƙalin da ya karɓe ta zai iya ɗaure marar laifi. Amma da ba a ga sawun ba, hanya ta biyu za ta wanke Tanko sarai, muddin jimlar farko gaskiya ce.

Daga ƙarshe, ya kamata ɗalibi ya lura cewa ingancin hujja yana ga sigarta, gaskiyar jimlolinta kuwa sai an bincika ta daban.