Yadda Ake Shirya Daren Rawa a Ibiza

Daren rawa a Ibiza, tsibirin Sifaniya da ke tekun Bahar Rum, tun cikin hunturu ake ƙulla shi, lokacin da gidajen rawa ke garƙame. Mai gida zai nemi DJ mai suna su yi yarjejeniya: a ba shi rana ɗaya kowane mako, daga Mayu zuwa Oktoba. Haka DJ David Guetta ya daɗe yana riƙe da ranarsa a Ushuaïa, gidan da aka buɗe a 2011 a gaɓar Playa d'en Bossa. Suna ke sayar da tikiti, shi ya sa ake fara kama makaɗi kafin a zo kan fitilu da ado da 'yan rawa.

Sai talla: alluna tun daga hanyar filin jirgi, tikiti kuwa a intanet. Ranar wasa a gwada lasifikoki da la'asar. Gidaje irin su Amnesia da Pacha, wanda ke birnin Ibiza tun 1973, sai wajen sha biyun dare suke buɗe ƙofa.

Nan aikin yake. DJ na farko, mai share wa babban DJ fage, yakan tarar da fili fayau, kuma ba a son ya nuna bajinta. Kiɗan da ake kira house yana tafiya ne tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti guda, to shi daga ƙasa zai ɗauko, yana hawa sannu a hankali. Waƙa na tashi, shi kuma yana sauraron mai biye mata a kunne, ya daidaita bugunsu, sannan ya zura sabuwar cikin tsohuwar ba tare da ƙafar mai rawa ta ji gargada ba. Kamar talgen tuwo ne, wanda ya yi gaggawa ya sha gudaji. In ya ƙure mutane tun ƙarfe ɗaya, me ya rage wa babban baƙo? A ganina wannan bawan Allah, da ake rubuta sunansa ƙanana a ƙasan allo, shi ke gyara dare ko ya ɓata shi.

Babban DJ yakan hau wajen biyu ko uku, a yi ta cashewa har wayewar gari. Ushuaïa kam a fili yake, ba rufi, don haka da la'asar ake farawa, a tashi kafin tsakar dare.