Ƙyallen tela, bargon ɗari: yadda ake tara shi da adana shi

Kowa ya san yadda daren Disamba da na Janairu yake a ƙasarmu. Iskar gabas takan taso da ƙura, sanyi ya sauko tun bayan lisha, kafin asuba ya shiga ƙashi. A lokacin ne tari da mura da ciwon haƙarƙari suke damun yara ƙanana da tsofaffi. Gidan da babu isasshen abin rufa, sai a hura garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa. Wannan kuwa babban hatsari ne. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, tana kashe mai barci. Tartsatsi kuma yana kama tabarma da zana.

Bargon kanti yana da tsada. Amma akwai bargon da mace take ɗinka wa iyalinta da hannunta: a haɗa ƙananan ƙyallaye su zama shimfiɗa ɗaya, a sa tsohon zane ko kaɗa a tsakiya, a rufe bayan da wani zane, sa'an nan a bi shi da layukan ɗinki. Wannan dubara ba baƙuwa ba ce. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ya ga dawaki da mahaya cikin lifidi. Lifidi kuwa yadi ne riɓi biyu da aka cusa wa auduga aka ɗinke, har a zamanin yaƙi yakan tare kibiya. Abin da ya tare kibiya, sanyi ba zai gagare shi ba.

Sai dai ba a fara wannan aiki ranar da ɗari ya sauko. Watanni ake yi ana tara ƙyalle da zare. Mata da yawa sun tara, sun cusa cikin buhu a kusurwar ɗaki, ranar da suka buɗe suka tarar gara ta ci, hunhuna ta kama, kusu ya haihu a ciki. Darasinmu na yau a kan wannan yake.

Inda ake samun ƙyalle

Wuri na farko shi ne rumfar tela. Makonnin da suke gaban sallar azumi da sallar layya, tela yakan yi yanka dare da rana, guntayen atamfa da shadda su taru ƙarƙashin keke. Wani ya share ya ƙone, wani ya sayar da araha. Idan kin kai ɗinki, ki ce a dawo miki da ragowar yadinki, haƙƙinki ne. Turmin atamfa yadi 6 ne. In aka fitar da riga da zane da kallabi, da wuya a rasa guntayen da suka kai tafin hannu.

Wuri na biyu shi ne cikin gida. Tsohon zane yakan mutu a tsakiya, wajen zama, amma gefensa yana nan da ƙwari. Rigar maigida takan ƙare a wuya da aljihu, bayanta kuwa lafiya lau. A ɗaga tufa a duba ta wajen hasken rana. Inda haske ya ratsa sosai, wurin ya mutu, a yanke shi a yi tsumman goge-goge. Inda bai ratsa ba, a ajiye. Kayan gwanjo ma suna da amfani, musamman manyan riguna da zannuwan gado.

Akwai buhu da ƙyallen da ba a ɗauka ko kyauta aka bayar: wanda aka zuba takin zamani a ciki, da wanda ya taɓa maganin ƙwari, da wanda aka ɗaure irin shuka da aka gauraya da jan magani. Wanki ba ya ba da tabbacin cewa gubar ta fita, bargo kuwa a bakin yaro da hancinsa yake kwana.

Wanki kafin ajiya

Kada ƙyalle ya shiga ma'aji sai an wanke shi, ko sabo ne. Dalili uku ne.

Tufar da wani ya sa tana iya ɗauke da ƙwarƙwata da ƙwanta, ko ƙwayar ƙazwa, ko kuɗin cizo. Ƙwayar ƙazwa ba ta wuce kwana 2 zuwa 3 da rai in ta rabu da jikin mutum. Kuɗin cizo kuwa yana yin watanni bai sha jini ba, yana jira. Zafi ne maganinsu duka. A tafasa ruwa, a zuba tsofaffin ƙyallayen auduga su yi kamar minti 10, a wanke da sabulu, a shanya a rana, in da hali a bi su da dutsen guga.

Sabon yadi shi ma yana son ruwa, domin auduga takan tsuke a wankin farko. In aka haɗa wankakken ƙyalle da wanda bai taɓa ruwa ba, ranar da aka wanke bargon sai ya tattare, ɗinkin ya ja. Ban da haka, sitacin da yake jikin sabuwar shadda abinci ne ga kyankyaso da sauran ƙwari.

Na uku shi ne zuba. Ja da shuɗi sun fi yin wannan hali. Ki jiƙa gefen ƙyallen, ki goga a kan farin tsumma. In launi ya fito, ki wanke shi daban har ruwan ya fita garau. Wanda ya ƙi daina zuba, a haɗa shi da masu duhu irinsa, kada a kai shi kusa da fari.

Auduga ko roba?

Yadi da yawa na kasuwa a yau ba auduga ba ne, ko kuwa gauraye ne da zaren roba. Ido yana ruɗuwa, wuta ba ta ruɗuwa. A tsakar gida, nesa da yara, da ruwa a kusa, ki yanki ɗan ƙyalle kamar farce, ki soka shi a bakin waya ki kanga ga ashana. Auduga takan ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan narke, ta dunƙule, ta bar baƙin ƙullutu mai tauri.

Wannan gwaji ba wasa ba ne. Bargon roba in ya kama wuta, narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Saboda haka bargon jariri da na yaro ƙarami, auduga zalla ya kamata a yi masa. Na roba a yi jaka da su, ko shimfiɗar zama, ko rigar matashin kai.

Rabawa da ƙidaya

A raba ƙyallaye bisa kaurinsu tukuna, launi ya biyo baya. Kaki da yadin wando gefe ɗaya, atamfa da shadda gefe ɗaya, marasa kauri gefe ɗaya. In aka ɗinka mai kauri da marar kauri, mai kaurin yakan ja ɗan uwansa har ya yage a bakin ɗinki. Daga nan sai a ware masu haske da masu duhu. Bargon da ake jera haske da duhu bi da bi ya fi kyan gani, ko da launukan ba su dace sosai ba.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Ki sami kwali, ki auna santimetir 12 tsawo, 12 faɗi, ki yanke. Shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi a kan ƙyalle, ki zagaye da alli ko guntun sabulu, ki yanka. Ɗinki zai ci santimetir 1 a kowane gefe, saura 10. Bargon yaro mai faɗin santimetir 100 da tsawon 120 yana son jeri 12, kowane jeri ƙyalle 10. Ke nan ƙyalle 120. Na babba, mai faɗin 150 da tsawon 200, yana son 300.

A riƙa ɗaure yankakkun goma-goma da zare. Ɗauri 12 ya isa bargon yaro, ɗauri 30 na babba. A rubuta a ƴar takarda, misali “atamfa mai duhu, ɗauri 7”, a sa a bakin ma'aji. Ta haka ba sai an zazzage kaya duka ba kafin a san abin da ya rage. Ƴan mitsi-mitsin da ba su kai ma'auni ba, kada a zubar, suna cika matashin kai. Manyan zannuwa kuma kada a yi garajen yanka su. Su ne na tsakiya da na baya, kuma su ne suka fi wuyar samu.

Zare da allura

Zare yana tsufa kamar yadi. Rana tana cin ƙarfinsa, ƙura tana shiga cikinsa, laima tana ruɓar da na auduga. Kafin ki amince da tsohon zare, ki warware kamu ɗaya ki ja da hannu biyu. In ya tsinke ba wuya, bai isa bargo ba. Kuma bargo yana shan zare fiye da yadda ake zato. A bargon yaro, in aka bi layi kowane santimetir 10, tsaye da kwance, ɗinkin da yake riƙe riɓin uku kaɗai ya wuce metir 26, ban da na haɗa ƙyallayen.

Guntayen zare in aka zuba su wuri ɗaya sukan cukurkuɗe, a ƙarshe a yanke a zubar. A yanko karan hatsi busasshe tsawon yatsa, a tsaga bakinsa kaɗan, a naɗe zaren a jiki, a maƙale ƙarshen cikin tsagar. Kowane launi da karansa. Zaren bakin buhun sukari ko na shinkafa yana da ƙwari, in aka kama bakin da ya dace yakan zare gaba ɗaya. Inda tsofaffi suke kaɗi har yanzu, zaren mazari mai kyan murɗi yana yin wannan aiki, in an goga masa kakin zuma ya fi bin allura. A zuba karan duka cikin gwangwani mai marufi wanda bai yi tsatsa ba, a ajiye a inuwa.

Allura da basilla a soke su a ƙyalle, a sa cikin ƙaramar kwalba mai marufi, a ɗora inda hannun yaro ba ya kai. A ƙidaya su kafin aiki, a ƙidaya bayan aiki. Allurar da ta ɓace cikin bargo, jikin mai barci ne zai gano ta.

Ma'aji

Abokan gaba huɗu ne: laima, gara, kusu da asu. Laima ce babbarsu, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Ƙyallen da aka naɗe da sauran danshi, cikin ƴan kwanaki zai yi baƙaƙen ɗigo da wari, kuma wannan tabo ba ya fita. Sai ya bushe ƙayau kafin a rufe shi.

Akwatin ƙarfe ya fi, don kusu ba ya huda shi, amma a shimfiɗa tsohon zane a ciki saboda tsatsa. In babu, kwalla mai marufi ko busasshiyar tukunya da aka rufe da faifai ta isa. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Nijar a 2007 don ajiyar wake ba tare da magani ba, in ledarsa ta huje ya daina amfani ga wake. A wanke shi, a shanya, a zuba ƙyalle. Kowane ma'aji ne, kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, nan ce hanyar gara. A ɗora shi kan duwatsu, ko a rataye a ragaya. Busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, in aka barbaza tsakanin ɗauri da ɗauri, yana rage ƙwari. Ba ya kashe su duka, kuma ƙarfinsa yana gushewa, sai a riƙa sabuntawa. Sau ɗaya a wata, ranar da gari ya yi rana, a fitar da kaya a baza su sha iska, a duba gindin ma'ajin.

Kada a sa guba

A nan muke son a buɗe kunne. Mata da yawa sun saba jefa ƙwayar kafur cikin akwati. Kafur yana korar asu, gaskiya ne, amma warinsa yana kama yadi, jariri ya shaƙa, fatarsa ma ta sha. Akwai yara da yawa a ƙasashenmu, musamman maza, waɗanda aka haifa da jinin da ba ya jure wannan magani. Ba a gane su da ido. Kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta kama su, ido da jiki su yi rawaya. In ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko ya ƙi nono, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira gobe. Yaro mai rarrafe kuma yakan ɗauki ƙwayar kafur ya zata alewa ce. Ƙyallen da ya riga ya sha kafur, a baza shi a iska kwanaki, a wanke, a sake wankewa har warin ya tafi sarai. Ko da haka, gara a yi bargon babba da shi.

Ƙwayar maganin da ake sa wa wake da hatsi a buhu ta fi kafur muni. Da ta ji laima sai ta saki iska mai guba, ta kashe mutanen da suke kwance a ɗakin. Ba ta da wurin zama a akwatin tufafi, ba ta da wurin zama a ɗakin kwana. Haka ma fiya-fiya: ba a yayyafa ta a kan abin da mutum zai rufa da shi.

Tarawa cikin ƙungiya

Mace ɗaya takan daɗe kafin ta tara ƙyalle 300. Mata goma kuwa, kowace ta kawo ɗauri 3, an gama. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun saba haɗuwa kowane mako da zubi da ƙidaya a gaban kowa. Ana iya yin haka da ƙyalle. Wadda ta iya rubutu ta riƙe littafi, ta rubuta sunan kowace da ɗaurin da ta kawo. Mai atamfa da yawa ta yi musaya da mai zare. A sayi almakashi ɗaya mai kaifi na ƙungiya, kada a yanka komi da shi sai yadi. In aka soma ɗinki bayan an kai hatsi rumbu, bargon farko zai fito kafin ɗari ya yi ƙarfi. A fara ba mai jego da gidan da yake da tsoho marar lafiya, sauran su bi layi kamar yadda littafi ya nuna.