Darasi na 7: Asusun Lafiyar Dabbobi

'Yan'uwa mata, ciwon dabba ba ya sallama. Akuya za ta kwana lafiya, da safe a tarar cikinta ya kumbura. In babu kuɗin magani a hannu, sai a kai wa mahauci ya saya da arha, wahalar shekara ta tafi a banza.

Ga abin da za mu yi:

1. Duk ranar taro, kowacce ta zuba abin da aka amince, ko da naira 100 ce. A mako 52 ta tara 5,200.
2. Ma'aji ta ajiye shi a jaka dabam. Ba na biki ba ne, ba na suna ba.
3. Wadda dabbarta ta kwanta, a ba ta a ranar, ta kira malamin dabbobi. Daga baya ta mayar a hankali, ba ƙari.

Kare mai gadin garke da kyanwa mai korar ɓeraye daga rumbu su ma suna da rabo. A yi musu allurar rigakafin ciwon hauka, don kariyar yaranmu ce.

Mu tattauna: Wace ce ta taɓa rasa dabba saboda rashin kuɗin magani? Nawa ta yi asara?