Yadda Furen Airis Ke Gadon Launi

Airis wani fure ne da Turawa ke shukawa a lambu don ado. Kunnuwansa shida ne, uku na tsaye, uku sun sunkuya. Irin na lambu ya fito ne daga barbarar na daji biyu, watau wani mai shuɗi-shuɗi na bakin teku a Kuroshiya, da wani rawaya mai jijiyoyi ja-ja na wajen Hangari.

Rini iri biyu ne a jikin furen. Shuɗi da shunayya suna cikin ruwansa, rawaya kuwa yana cikin waɗansu 'yan ƙwayoyi dabam, kuma kowanne da hanyar gadonsa. In suka haɗu a kunne guda sai a ga ƙasa-ƙasa ko ruwan tagulla. Ja sosai kuwa, har yanzu masu barbara ba su same shi ba.

Akwai wani zane da a ke so ƙwarai: fure fari, gefensa da ɗige-ɗigen shunayya kamar aikin wuyan riga. To, wannan zane mai ɓuya ne. Kadan aka haɗa mai zanen da marar zane tsantsa, 'ya'yan duka sai su fito ba zane. Amma fa bai ɓace ba. In aka sake haɗa 'ya'yan nan da junansu, sai a sami kamar 1 cikin 4 na jikokin da shi. Ƙa'idar nan ce Mendel ya bayyana a 1865 bisa wani irin waken Turai, ita ce kuma ke aiki a gonar masara.

Lissafin nan na tsohon iri ne, mai zaren gado 24. Daga baya aka kawo manyan iri daga Turkiyya da maƙwabtanta masu zare 48, aka yi ta barbara da su. A 1917 aka fitar da wani shahararre na Arthur Bliss, mutumin Ingila, mai suna Dominion. A irin waɗannan kowane hali kashi huɗu ne, biyu daga uwa, biyu daga uba, kuma zanen ba ya fita sai duk huɗun sun zama nasa. Saboda haka 1 cikin 4 ya koma kamar 1 cikin 36. Aiki ke nan sai mai haƙuri da fili.

Shi ya sa mai lambun da ya sayi ƙwaya yana zaton za ta fito kamar uwarta ya kan yi hasarar kuɗinsa. Masu sana'ar saiwa su ke sayarwa, mai kauri kamar citta, a gutsura a dasa, furen ya fito da launin uwarsa sak.