Yadda Ake Shirya Dayari na Hausa da Taimakon Kwamfuta

Gabatarwa

A Godogodo, Gidan Waya da Kafanchan, Hausa ce ke haɗa Bajju, Fantswam, Ninzo da sauran al'ummomi a kasuwa da wuraren ibada. Saboda haka makaranta ko ƙungiya kan buƙaci dayari, wato littafin tsara ayyukan kullum, cikin Hausa. Buga kwanan wata da hannu a shafi 365 aiki ne mai cin lokaci. Wannan muƙala za ta nuna yadda kwamfuta ke sauƙaƙa shi, da inda ɗalibin harshe yake shigowa.

Mataki na farko: jadawali

Manhajar Excel tana ɗaukar kowace rana a matsayin lamba, inda 1 ke nufin 1 ga Janairu, 1900. Don haka idan an rubuta 1 ga Janairu, 2027 a gidan A1, sai a rubuta =A1+1 a gidan A2, a ja shi ƙasa har ƙarshen Disamba. Shekarar 2027 kwana 365 ce, amma 2028 tana da 366.

Umarnin WEEKDAY yana ba Lahadi lamba 1, Asabar kuma 7. Da umarnin CHOOSE ake mayar da lambobin zuwa Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar. Haka ake yi wa watanni 12. Sai a buɗe wani layi na bukukuwa, kamar 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, Kirsimeti, da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. A can sama a ba kowane layi suna.

Mataki na biyu: shafi

A manhajar InDesign ana zana shafi guda tak, a bar gurbin rana, wata da biki. Sashen Data Merge ne zai karanta jadawalin, ya cike guraben, ya fitar da shafi ɗaya ga kowace rana. Masu amfani da CorelDRAW suna da makamancinsa, Print Merge.

Aikin ɗalibin harshe

Da farko, ƙa'idar rubutu. An rubuta sunan rana sau ɗaya ne, amma zai fito aƙalla sau 52. Idan aka yi kuskure a Laraba, duk Larabar shekara ta lalace. A kuma tsayar da siga guda, ko Juma'a ko Jumma'a.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Sukan koma alamar tambaya idan aka adana jadawalin a tsarin CSV na da. A adana shi a tsarin Unicode, a kuma zaɓi salon harafi mai ɗauke da su. Kowa ya san bambancin kofa da ƙofa.

Na uku, kwanan Hijira. Shekararta kwana 354 ko 355 ce, kuma a Nijeriya Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin wata. Ya kamata a rubuta cewa ranakun Sallah hasashe ne.

Kammalawa

Kafin a kai maɗaba'a, a gwada shafin farko: 1 ga Janairu, 2027 Juma'a ce. Idan ya nuna wata rana, a koma jadawali. Lissafi na kwamfuta ne, ingancin Hausa kuwa yana wuyanmu.