Rarrashi Daban, Toshe Baki Daban

'Yata, tunda Allah ya sauke ki lafiya, kuma na ga a cikin kayan barka har da robar tsotson nan da ake sa wa jarirai a baki, bari in gaya miki abin da na sani game da kukan yaro tun kafin ki yi arba'in ki koma ɗakinki.

Bahaushe bai rasa sunan abin da ake yi wa mai kuka ba. Akwai rarrashi, wasu su ce lallashi, duk ɗaya ne: ki matso kusa da wanda ransa ya ɓaci, ki tausasa murya, ki zauna da shi har zuciyarsa ta sauko. Ana rarrashin jariri, ana rarrashin amarya daren da aka kai ta, miji ma idan ya je biko rarrashi yake yi. Lallaɓawa kuwa aikin hannu ne da bi a hankali, shi ya sa ake lallaɓa majinyaci, ake lallaɓa yaron da barci ya fara ɗauka a shimfiɗe shi kada ya farka. Ban haƙuri da ban baki sai wanda ya yi wayo, mai jin magana. Ɗan wata biyu bai san su ba. Sai kuma wadda nake jiye miki, toshiyar baki. Ita ake ba mutum don ya yi shiru a kan abin da ya kamata a ji, kuma robar nan, idan uwa ba ta kula ba, aikin da za ta koma yi ke nan.

Jariri ba shi da wata magana sai kuka. Idan ya tsala ihu, ki fara tambayar kanki: yunwa ce? Ya jiƙe ne? Zafi ya dame shi saboda kayan da aka jibga masa? Ko iska ce ta tsaya masa a ciki, yana so a ɗora shi a kafaɗa a ɗan bubbuga bayansa ya yi gyatsa? Ki duba har yatsun ƙafarsa, don silin gashi ko zaren safa kan naɗe su. Ki kuma sani cewa kukan jarirai yakan yi ta ƙaruwa har wajen mako shida, ya fi yawa da yamma zuwa magariba, sannan ya ragu a wata na uku ko na huɗu. Ki yi masa addu'a, wannan ba a barinta, amma kada wani ya tsorata ki da cewa an yi masa baki.

Ban ce ki jefar da robar ba. Allah ya halicci jariri da son tsotso ko da ya ƙoshi, kuma likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar a ba shi ita lokacin barci, saboda an lura tana rage mutuwar fuju'a da kan ɗauki jarirai suna kwance. Sai dai ki jira mako uku zuwa huɗu, sai ya iya kama mama sosai. Dalilin kuwa shi ne, ruwan nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake tsotsonsa. Duk kukan yunwar da aka kashe da roba, nono aka rage. Saboda haka ne a 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce asibitocin haihuwa kada su ba jarirai masu shan mama ita. A 2018 suka sassauta, suka ce a zaunar da uwa a yi mata bayanin amfani da haɗarin. Bayanin nan nake miki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙazanta. Roba ta faɗi a tsakar gida, ƙuda ya sauka a kai, uwa ta ɗauka ta lashe ko ta goge da bakin zani ta mayar masa. Gobe gudawa ta kama yaro a ce haƙori ne. Ki riƙa tafasa ta minti biyar, ki ajiye a mazubi mai murfi, idan ta tsage ki yar. Kada ki ɗaura mata zare ki rataya masa a wuya, yana iya shaƙe shi. Kada ki tsoma ta a zuma. Zuma magani ce ga babba, amma tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin yaron da bai cika shekara ba ba ya iya yaƙa. Bayan wata shida ki fara rage ta, don tana jawo ciwon kunne, idan kuma ya wuce shekara biyu zuwa uku da ita, haƙoran gaba kan turo.

Maganin sa barci ko na haƙori daga kemis kuwa, ba tare da likita ya rubuta ba, ina roƙonki ki nisance shi. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Iyayensu sauƙi kawai suke nema musu.

Na san ɗan fari ne, kina jin nauyin ɗaukarsa a gabanmu. Alkunya ado ce, amma idan yana kuka ki ɗauke shi, ba wanda zai ga baikenki. Ki rungume shi a ƙirji, idan ya yi ƙwari ki goya shi ki ɗaure da majanyi, ki yi ta kai da kawo kina masa waƙa a hankali. Jijjiga mai laushi ake yi. Girgiza da ƙarfi tana iya lahanta ƙwaƙwalwarsa. Ranar da kika ji ranki ya fara ɓaci, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fito ki sha iska, ki kira ni ko mahaifinsa. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata uku ba, ko ya ƙi karɓar mama, ko kukan ya sauya ya zama siriri, ku kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne.