Yadda Ake Gano Ƙwan Tsargiya a Cikin Fitsari a Ƙaramin Ɗakin Gwaji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya zauna rani da damina a wuraren da a da yakan ƙafe, kuma zamansa ya yi wa dodon koɗi daɗi kamar yadda ya yi wa manomin rani. A jikin wani nau'in dodon koɗi mai suna Bulinus tsutsar tsargiya take rainon 'ya'yanta, daga nan su fito cikin ruwa su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, har su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Wannan tsutsa, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, ita ce Schistosoma haematobium, kuma ƙwanta ne ke raunata bangon mafitsara har jini ya biyo fitsari. Saboda haka ma'aikacin gwaji a Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, inda yara ke wuni a rafi da kududdufi, yana bukatar ya ƙware a wannan bincike sosai.

Mataki na farko shi ne karɓar fitsari, kuma a nan ne galibin gwaje-gwaje ke lalacewa tun kafin su kai ga madubin likita. Ƙwan tsargiya ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, don haka fitsarin asuba, wanda ake nema a wasu gwaje-gwajen, ba shi ne ya dace a nan ba. Ana ba majiyyaci kwalba mai tsabta, busasshiya, mai faɗin baki, a bayyana masa cewa ɗigon ƙarshe, wanda ke fita sa'ad da mafitsara ta matse, shi ne mafi muhimmanci, domin a cikinsa jini da ƙwai suka fi taruwa. Idan yaro ne, ya kamata a yi bayanin a gaban wanda ya kawo shi, domin yaron da kunya ta kama yakan tara na farko ya zubar da na ƙarshe. Kwalbar da ke da ragowar ruwa haɗari ce, saboda ƙwan na ƙyanƙyashewa da zarar fitsari ya tsinke da ruwa kuma haske ya same shi, sai ɗan tsutsar ya fice ya bar ɓawo. Idan ba za a duba nan take ba, sai a ajiye kwalbar a duhu, ko a ɗiga mata fomalin kaɗan, wato ruwan maganin da ke hana abu ruɓewa.

Mataki na biyu shi ne a dubi launin fitsarin da ido, a tsoma takardar gwajin jini, a rubuta abin da ta nuna.

Mataki na uku shi ne tattara ƙwan wuri ɗaya. Ana girgiza kwalbar sosai, domin ƙwan na da nauyi yana kwanciya a ƙasa, sannan a auni mililita 10 a zuba a bututun gwaji mai tsinin gindi, a juya shi a injin wulwulawa na kimanin minti 5 ba da matsanancin gudu ba. Inda babu wutar lantarki, abin da ba baƙo ba ne a asibitocin karkara, injin hannu ya wadatar, ko a bar fitsarin ya tsaya awa guda a mazubi mai tsinin gindi har ya kwanta da kansa. Sai a tsiyaye na sama a hankali, a ɗebi abin da ya kwanta gaba ɗaya a ɗora a kan gilashi a rufe. Akwai kuma hanyar tacewa, wadda ta fi dacewa da binciken makarantu: a zuƙi mililita 10 da sirinji, a tura ta cikin 'yar matata mai ƙananan ƙofofi, a ciro matatar a ɗora a gilashi, a ɗiga aidin don ƙwan ya fito fili.

A ƙarƙashin madubi ana fara dubawa da ƙaramin ido mai ninkawa sau 10, a bi gilashin layi-layi ba tare da tsallake ba. Ƙwan dogo ne mai siffar ƙwallon dabino, tsawonsa kusan kashi 1 cikin 7 na milimita, launinsa ruwan ɗorawa mai haske, kuma alamarsa da ba ta ruɗu ita ce ƙaya ɗaya a daidai ƙarshensa. Ƙwan 'yar uwarta Schistosoma mansoni, wadda ke zama a jijiyoyin hanji, ƙayarsa a gefe take, kuma a bayan gida ake nemansa. Rubuta "an ga ƙwai" kawai gajarta aiki ne. Wajibi ne a ƙirga, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙwai 50 zuwa sama a mililita 10 a matsayin kamuwa mai tsanani.

Rashin ganin ƙwai sau ɗaya ba ya wanke majiyyaci, musamman idan takarda ta nuna jini, domin yawan ƙwan na sauyawa daga rana zuwa rana, kuma tsutsar kan kwashe kusan wata 3 kafin ta fara zubar da shi. Sai a maimaita gwajin a wata rana dabam. Wannan haƙuri ya zama dole, ganin cewa wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini a matsayin zafin rana ko alamar balaga, alhali tsargiyar da ta daɗe na iya toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, ta raunata al'aurar mata, ta kuma share fagen sankarar mafitsara.

Maganin shi ne firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya bayan an ci abinci, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Da yake ba ya kashe ƙananan tsutsotsin da ba su balaga ba, kuma ba ya hana sake kamuwa, ana son manomin rani ko masunci ya dawo bayan 'yan makonni a sake duba fitsarinsa, da tsakar rana, cikin busasshiyar kwalba.